Lalle a Ɗakin Takaba

Maigidana ya rasu ya bar mu da musun da ba mu ƙarasa ba, kuma musun bai wuce na tsiron lalle ba. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi murmushi, yana zaton raha nake yi. Ni kuwa da wannan musun na cinye watannin takabata, a ɗaki mai taga ɗaya, a gidansu da ke cikin garin Daura.

Gidan na 'yan'uwa ne. Wan maigidana da matarsa, wato facalata, da 'ya'yansu suna ɓangaren da ya fi girma. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna, tana ɗakin da ke kallon nawa, tsakar gida ce kawai ta raba mu. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, da sanda da lalube take yawancin al'amuranta. Mu kuma mu biyu ne rak, Allah bai ba mu haihuwa ba. Shi yana bin kasuwannin ƙauye a kan babur yana sayar da maganin dabbobi, ni ina gida ina ɗinkin hula.

Wata rana sanyi na ƙarewa ya dawo daga kasuwa, tun bai cire takalmi ba ya zazzage aljihunsa a kan faifai. Wasu busassun 'ya'yan itace ne ƙanana kamar masoro, haɗe da ɓawon gyaɗa da zare da duk tarkacen da aljihun namiji ke tarawa.

"Ga maganin mitarki," in ji shi.

Mitar lallen kanti yake nufi. Na daɗe ina ƙorafin cewa yana ƙona mini fata, kuma kwana kaɗan sai ya koɗe. Ashe ya biya ta Babban Mutum, ƙauyensu na asali, inda suka ɗauko Inna bayan rasuwar mahaifinsu. An daɗe da sayar da tsohon gidan, ya kuma tarar wanda ya saya ya sauke bulo zai rushe ya yi sabon gini. A bayan ɗakin Inna akwai bishiyar lalle da ta shuka da hannunta tun tana amarya. Ya san ba za ta tsira ba, shi ne ya nemi izini ya shiga ya tsinko 'ya'yan.

"Kada ki gaya wa Inna tukuna," ya ce. "Ba ta san za a sare ba. Bari sai ya kama ya yi ganye, mu kai mata ta shanshana. In ya ƙi kamawa, ba mu tayar mata da hankali a banza ba."

"To nawa ne ko na Inna?"

"Ganye naki, bishiya tata," ya ce yana dariya, ya nemi ruwan wanka.

Ya murje 'ya'yan, ya jiƙa irin yana canja masa ruwa, sannan ya barbaɗa a tsohon faranti da ya cika da yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. A ɗaki ya ajiye, ƙarƙashin taga, don tsakar gidanmu ba wurin shuka ba ce. Awakin facalata ko tabarma suka samu ci suke yi, kaji na tono, abin da suka rage kuma ƙadangaru su ƙarasa. Irin ya daɗe bai ce uffan ba, har na fara yi masa tsiya ina kiransa Sarkin Noma. Sai wata safiya ya ɗaga buhun, ga su nan sun huda yashi, sirara ƙwarai, sai mutum ya sunkuya yake ganinsu.

Da suka ɗan yi ganye sai ya tara gwangwanayen madara, ya huda gindinsu da ƙusa, ya riƙa ɗaga tsiron ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya yana sa kowane a nasa. Ya ce in sun cika waɗannan za su koma babban gwangwanin tumatir, daga nan bokitin fenti, daga nan sai a ga inda za su zauna. A nan musun ya tashi.

"Wannan wahalar ta mece ce?" na ce masa. "Abu ɗan mitsitsi, yau ka tuge shi, gobe ka tuge shi. Ka sa shi a babban mazubi sau ɗaya, ya san nan ne gidansa, ya miƙe ƙafa."

"Ƙasa in ta yi wa saiwa yawa, ruwa take riƙewa ta yi tsami, saiwar ta ruɓe. Ƙarami sai ƙaramin wuri."

"Manoman ƙauyenku da gwangwani suke bin shuka?"

"Su a fili suke yi, rana na duka, iska na busarwa. Nan ɗaki ne."

Ban yarda ba, kuma ni ba mai barin magana a baki ba ce. Na ɗauko babbar robar wankina da ta tsage, na cika ta da ƙasa da taki, na ƙwace rabin tsiron na dasa a ciki. Ya tsaya yana kallona, hannu a ƙugu, ya ce mu zuba mu gani. Muka jera su ƙarƙashin taga, nawa a dama, nasa a hagu. Kullum kafin ya fita sai ya durƙusa gaban robata ya ce, "Ina kwananku, marasa lafiya?" Ni kuma in gaida nasa in ce, "Sannunku, 'yan kurkuku."

Zafi na fara shigowa zazzaɓi ya kama shi. Ya ce na rana ne, zai wuce. Ba a jima ba aka fita da shi ta ƙofar da yake fitar da babur. Ba zan yi dogon bayani a nan ba, har yau ba na iyawa.

Tsofaffin matan dangi suka zaunar da ni suka karanta mini dokokin takaba. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita, ba ɗaga murya, har sai wata huɗu da 'yan kwanaki sun cika. Wata gwaggonsu ta miƙo mini 'yar ƙaramar wuƙa, ta ce kada in rabu da ita ko banɗaki zan shiga. Malamin unguwarmu da ya zo ta'aziyya ya ce wuƙar ba ta cikin addini, gwaggon ta ce shi yaro ne. Na karɓa na ƙulle a haɓar zani, don ba ni da ƙarfin musu da kowa.

Kwanakin farko gidan cike yake, har na riƙa fatan a watse in samu in numfasa. Da aka yi sadakar bakwai aka watse ɗin, sai na rasa inda zan sa kaina. Facalata mutuniyar kirki ce, amma tana da yara da girki da awaki. Za ta kawo abinci, ta ce, "Sannu, ya haƙuri?" ta wuce. Inna kuwa ta shige ɗakinta ta yi shiru. Dama tsakanina da ita akwai kunyar suruka, shi ne ke ɗauko magana daga ɗakinta ya kawo nawa, ya ɗauki tawa ya kai mata, yana ƙara gishiri a hanya. Da babu shi sai muka rasa ta inda za mu fara. Ina jin tarinta, tana jin nawa.

Lokacin da ya fi yi mini nauyi shi ne la'asar sakaliya, sa'ad da babura ke dawowa daga kasuwa. Na san ƙarar nasa a cikin dubu, yana da wata 'yar shaƙewa in zai shawo kwanar lungunmu. Kunnena ya ƙi karɓar labarin rasuwar. Kullum lokacin ya yi sai in ga na ajiye allura ina saurare, har babur na ƙarshe ya wuce. Kaɗaici ne irin wanda ban san akwai shi ba, a cikin gida mai cike da mutane.

A kwanakin zaman makoki babu wanda ya kula da shukar. Mata sun ture su lungu don a samu wurin shimfiɗa tabarma, wasu gwangwanayen sun kife. Da na dawo hayyacina na jawo su, sai na tarar yawancin nasa sun bushe ƙurmus, don ɗan ruwan da gwangwanin madara ke riƙewa ba ya kai yini biyu a bazarar Daura. Uku kawai suka rage da rai. Nawa kuwa na cikin roba ga su shar, ƙasarsu da sauran danshi. Na buɗe baki zan ce, "Ka gani ko?" Na juya, babu wanda zan gaya wa. Wannan nasara ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Ba ta kuma daɗe ba. Mai takaba ba ta da abin yi sai ban ruwa. In na yi alwala in zuba musu sauran, in na sha in rage musu, in na rasa abin yi in sake zubawa. A gwangwani ruwan yakan fice ta ƙasa nan da nan, a roba kuwa sai ya kwanta. Saman ƙasar ya yi kore, ƙananan ƙudaje suka fara tashi, wani tsami-tsami ya riƙa bugun hanci. Tsiron suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, wuyansu ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa. Na ja ɗaya, ya biyo hannuna babu saiwa. Ranar da na ƙarshe ya faɗi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, kuma haushi ne ya fi yawa a ciki. Mutum ya ci musu, sannan ba ya nan balle ya yi mini dariya in rama.

Cikin ukun nasa, ƙadangare ya shigo ta taga ya yi kalaci da ɗaya. Ɗaya kuma ya yi yaushi haka kawai, ban san laifin da na yi masa ba. Saura ɗaya. Daga ranar na koyi tsoma yatsa a ƙasa kafin in ɗauki buta. Da safe in ɗora shi a kan taga in zauna gadi, in rana ta juya in bi ta da shi zuwa bakin ƙofa. Abin da ya rage mini ke nan da ya fito daga hannunsa kuma yake da rai.

Wata safiya na ɗaga gwangwanin na ga farar saiwa ta leƙo ta ramin ƙusa. Na tuna tsarin da ya faɗa, na roƙi facalata babban gwangwanin tumatir. Ba ni da ƙusa, ba ni da guduma, sai na kwance wuƙar takaba na ɗora tsininta na buga da dutse. Da gwaggonsu ta gani da ta suma. Da wuƙar na zagaya bakin ƙasar, na kifa gwangwanin a tafin hannu, ƙasa ta fito a dunƙule, saiwoyi sun naɗe ta. Wannan ƙasar shi ya haɗa ta, shi ya danna ta da yatsa. Ban karkaɗe ko ƙwaya ba, na sa ta yadda take a tsakiyar sabuwa na rufe. Ya yi kwana biyu yana fushi, kai a sunkuye, sannan ya miƙe ya fara sabon toho.

Wata maƙwabciya ce ta jawo mini magana. Ta zo gaisuwa, ta ga abu a taga, ta murza ganye ta kai hanci. "Lalle ne wannan?" Na ce lalle ne. Ba ta ƙara komai ba, amma kafin rana ta faɗi unguwa ta ji cewa mai takaba na renon lalle a ɗaka, ta ƙosa ta fita ta yi kwalliya. Facalata ta zo da kyakkyawar niyya ta ce in tura shi ƙarƙashin gado har magana ta lafa. Na ce mata ƙarƙashin gado babu rana.

Washegari da hantsi na ji sandar Inna tana ƙwanƙwasa ƙasa, tana nufo ɗakina. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke 'yar nan, gaskiya ne abin da nake ji?"

"Me aka ce, Inna?"

"An ce lalle kike reno. Ko arba'in ba a yi ba."

Maganar ta soke ni. Na ce, "Shi ya shuka, Inna."

Sai ta ce in miƙo mata. Na miƙa, amma ina riƙe da gindin gwangwanin, ban saki ba. Ta laluba har ta sami ganyen, ta shafa a hankali, ta kai yatsunta hanci.

"A ina ya samo iri?"

Da na ce a kasuwa, da magana ta ƙare. Na san ina faɗin gaskiya abin ya tashi daga nawa ni kaɗai. Amma tsohuwa ce da ba ta gani sosai, tsaye a ƙofata, ɗanta ya mutu. Na ce, "A bayan ɗakinki, Inna, a Babban Mutum." Na gaya mata komai, har da bulon da aka sauke. Ta lalubi dokin ƙofa ta zauna.

"Sun sare ta ke nan."

"Ban sani ba, Inna."

"Sun sare," ta ce, ta ƙara kai yatsunta hanci.

Tun daga ranar kullum da hantsi sai ta zo ta zauna a dokin ƙofar, in ajiye mata gwangwanin kusa da ƙafarta. Ba ma yin doguwar hira. Ita ta ce in tsinke masa kai don ya yi rassa, na ƙi, ta sa farce ta tsinke da kanta ina kallo, na kusa yin ihu. Bayan 'yan kwanaki ya fito da kai biyu. Wani lokaci takan ce amaren ƙauyen kaf da ganyen bishiyar nan aka yi musu ƙunshi, ko ta ce in ta yi fure har masu wucewa ta bayan katanga sai sun tsaya. Ba ta ambaton ɗanta, ni ma ba na ambatonsa. Amma la'asar ta rage nauyi, don ina da abin jira da safe.

Da lokacin komawa bokitin fenti ya yi, tana zaune ta ji ina buga wuƙa da dutse.

"Wai wannan yawon na mene ne?" ta ce. "Shuka ba ta son a riƙa taɓa mata gindi. Ga randata can ta tsage ba ta riƙe ruwa. A zuba ƙasa a sa shi sau ɗaya ya zauna."

Sai na ji bakina yana cewa, "Ƙasa in ta yi wa saiwa yawa, ruwa take riƙewa ta yi tsami. Ƙarami sai ƙaramin wuri."

"Wa ya gaya miki?"

"Shi."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Inna. Ni ma irin maganarki na yi masa, nawa suka mutu."

"Taurin kai tun yana goye," ta ce. Muka yi dariya mu biyu, na yi sauri na toshe baki da mayafi, don mai takaba ce.

Randar da take magana babba ce, tun daga ƙauye aka zo da ita. An binne gindinta a ƙasa a cikin ɗakin Inna, daf da ƙofa, inda rana ke shiga tun safe har azahar, ga kuma ɗan ƙyauren langa-langa da ke tare awaki. Tsagewar ta taso daga wuya har ƙasa. Duk wanda ya ce zai ɗaga ta, gida biyu za ta rabe. Abin da aka sa a ciki ya zauna ke nan.

Ni kuwa ba zama zan yi ba. Da ruwan farko yayana ya zo daga Mashi, suka zauna da wan maigidana a zaure, aka tsayar cewa ina fita takaba zan koma gida. Wan maigidana ya ce gida nawa ne in ina son zama, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Amma na san babban ɗansa zai yi aure bayan kaka, ɗakina ake kallo ana kawar da kai. Ban ga laifin kowa ba. Macen da ba ta haihu a gida ba, in mijin ya tafi, babu abin da ya ɗaure ta. An raba abin da ya bari bisa ƙa'ida, an ba ni nawa, babu mai numfashi a ciki. Lallen nan nake so in tafi da shi, kuma har gobe ban ga laifina ba a kan wannan son.

Damina ta kankama, lallen ya yi tsawo ya cika bokitin fenti. Yanzu kam ya isa shiga randa, na sani sarai, ko marigayin ma zai yarda. Maimakon haka na sa aka samo mini babbar jarka, na yanke gefenta na bar hannun, na huda ƙasanta, na ajiye bayan ƙofa. Mazubi ne mai kyau, zai ɗauke shi shekara, kuma zai shiga bayan mota. Da safe Inna na shigowa sandarta ta doki jarkar. Ta sunkuya ta shafa yankan, ta shafa ramukan, hannunta ya tsaya a kan mariƙin.

"Jarka ce?"

"Jarka ce, Inna."

"Mai hannu."

"Mai hannu."

"To, madalla," ta ce, ta zauna a wurinta. Ba ta sake ambaton randa ba.

Bayan kwana biyu ina ɗinki a bakin taga na hango ta a lungun tsakar gida, inda ruwa ke tara ƙasa mai laushi. Ta durƙusa tana ɗiba da hannu tana zubawa a ɗan kwanon sha. Ta miƙe da kyar, kwano a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, ta shiga ɗaki, ta fito da shi babu komai. Facalata ta tambaye ta me take yi, ta ce albasa za ta sa a randa. Jikokinta suka zo za su taya ta, ta kore su. Haka ta yi ta yi kowace safiya kafin ta zo wurina, wata rana ƙasa, wata rana busasshen kashin awaki da take murjewa a tafin hannu. In ta zo ta zauna ina ganin ƙasa a faratanta, ita ba ta ce ba, ni ban tambaya ba.

Na ji haushinta ƙwarai. Da ta roƙa, da na san yadda zan ba ta haƙuri. Da ta ce nata ne, da na ce shi ya ba ni. Amma mutum ba ya musu da tsohuwar da ta ce albasa za ta shuka. Na kasa sa shi a jarka, na kasa kai shi randa, sai lallen ya riƙa biyan kuɗin jinkirina. Saiwa ta cinye ƙasar bokitin, in na zuba ruwa ya zarce ta ƙasa, kafin azahar ganye ya yi laushi, na ƙasa suka fara rawaya suna zuba. Kullum in ce gobe.

Goben ta ƙare ranar fita takaba. An shirya za a yi sadaka da hantsi, a yi mini kitso da lalle, yayana kuma zai zo da mota bayan azahar. Da gari ya waye na zauna a tsakiyar ɗakin da aka riga aka ɗaure kayansa, bokiti a gabana, jarka a gefe. Na daɗe a haka. Ba zan ce na yi wani tunani mai zurfi ba. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne, ni ina da ido da ƙafa, in na so ganinsa zan iya zuwa Daura. Ita ba za ta taɓa zuwa Mashi ba. Na rungumi bokitin na fita, ban taɓa ganin faɗin tsakar gidan nan ba sai ranar.

Na tarar da ita a kan buzu tana jan carbi. Na gaishe ta, na ajiye bokitin, na sa hannu a randar. Ƙasa ce lallausa, babu dutse ko ɗaya, an cika ta har kusa da wuya. A tsakiya kuma ga rami an riga an haƙa, daidai faɗin bokitin fenti.

"Inna, wace irin albasa ce mai wannan rami?"

"Irin ta Babban Mutum," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Saiwar ta kama bokitin ta ƙi fita, sai da na tsaga shi da wuƙar takaba daga sama har ƙasa. Aikin ƙarshe da na yi da ita ke nan kafin in mayar wa gwaggonsu. Na ɗago shi da hannu biyu. A can tsakiyar dunƙulen, ƙarƙashin ƙasar bokiti da ta gwangwanin tumatir, akwai 'yar ƙasar gwangwanin madara da ya danna da yatsansa. Na sauke duka a ramin. Inna ta matso ta riƙa tura ƙasa tana dannawa, ni ina zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ina gaya mata ta riƙa tsoma yatsa kafin ta ɗauki buta, don ɗaki ne ba fili ba. Ta ce ta ji, Sarkin Noma.

"Ya ce ganye nawa, bishiya taki," na gaya mata.

Ta bi rassan ƙasa da yatsu ta tsinki ganyen da ke da ƙwari, ta sa na ɗauko mata ɗan dutsen da take niƙa kanwa. Ta niƙa, ta ɗiga lemun tsami. Abin da ya fito bai cika cokalin shayi ba.

"Kawo hannu."

Na miƙa mata hagu. Ta lalubi ƙaramin yatsana ta shafe kansa har farce, ta naɗe da leda ta ɗaure da zare.

"Ga rabonki na bana," ta ce. "Na baɗi sai kin zo."

Matan da suka zo da lallen kanti sun yi mini a ƙafa, na hana su hannu. Suka kalli juna, suka ce har yanzu ban saki raina ba. Da ake loda kaya yayana ya ɗago jarkar ya ce wannan fa, na ce ya bari, facalata za ta ba awaki ruwa a ciki. Inna ba ta rako ni zaure ba. Daga ɗakinta ta ce Allah ya kiyaye hanya, na ce amin. Sai da muka bar gari na kwance ledar. Lallen ya kama ja sosai.

A Mashi aka ba ni ɗaki a gidan yayana, mai kyau, mai taga biyu. Lallen da ke fatar yatsan bai daɗe ba ya koɗe, wanke-wanke ya cinye shi. Na farcen ne ya zauna. Sai dai farce ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani farin layi ya fito daga gindi, ya riƙa faɗi, jan yana hawa sama a hankali. Na daina yanke wannan farcen. Yana kama mini zare in ina ɗinki, matar yayana tana yi mini tsiya wai ko gayun 'yan mata na fara, na bar ta ta yi ta faɗi. Wan maigidana ya kira sau ɗaya ya ba Inna waya, ta ce lallen ya yi sabbin rassa har yana taɓa ƙyaure, ta ce tana tsoma yatsa. Na ce madalla, na ce zan zo. Da aka kashe wayar na zauna ina kallon ɗan jan da ya rage a bakin farcen.

Bayan kaka, wata safiya ina wanki, ina cuɗa wuyan rigar yayana, na ji ɗan zafi a yatsa. Farcen ya karye, kuma na riga na tuntsurar da ruwan kumfar kafin in lura. Na durƙusa a bakin magudana ina tona laka da hannu. Matar yayana ta fito daga madafa ta ce me ya faɗi, ko ɗan kunne ne. Na ce ba komai. Na ɗauraye hannuna a bokiti, na duba yatsun nan goma, duk iri ɗaya.